Maganar Malam a Haruffan Milena

Bilki, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na san abin da nake so a sa.

Sunana Kande. Mijina, Malam, ya rasu a wani asibiti da ke Oxford Road a nan Manchester, shekara guda ke nan da 'yan kwanaki, kuma har yau kuka bai gama da ni ba. Bilki da ke rubuta wannan autarmu ce, likita ce, ita ta kawo mu muka zauna da ita a unguwar Moss Side saboda ciwon babanta. Amma abin da zan faɗa ya faro ne tun ina yarinya, a bakin murhun kakata.

Iya muke ce mata. Daddawa take yi, a wani ƙauye kudu da Kano. Kalwa ba ta nuna da wuri. Tun hantsi ake ɗora tukunya, har a yi magariba wuta ba ta mutuwa. Mu jikoki aikinmu iza wuta, ladanmu tatsuniya. Da an ci tuwo sai mu kewaye murhun, hayaƙi na sa mu hawaye, ita tana zaune a kan turmi a kife. Ba ta farawa yadda sauran tsofaffi suke farawa. Sai ta buga muciya a bakin tukunya ta ce, "Ta iso ƙofa, wa zai buɗe mata?" Mu ce, "Mun buɗe, ta shigo."

Akwai guda ɗaya da ke hana mu zuwa bayan ɗaki mu kaɗai, amma ita muka fi roƙo. Tatsuniyar Mai Fata.

Wai wani baƙo ya sauka a wani gari, dogo, ba ya gumi, ba a taɓa ganin yana cin abinci ba. Kayansa busasshiyar fatar akuya da tsinke. Ba ya saye, ba ya sayarwa, sauraro kawai yake yi. Idan mutum ya yi magana sai ya karce fatar da tsinken. Ashe duk maganar da ya karce ta zauna ke nan, ko mai ita ya mutu ita tana nan. To akwai wata mata da mijinta ya cika tana rafi, ba ta ji kalamansa na ƙarshe ba. Aka ce mata ai baƙon yana zaune a bakin ƙofa a lokacin. Ta je ta durƙusa, ta ce ya buɗe mata fatar. Ya ce, "Za ki iya ɗauka?" Ta ce za ta iya.

A nan Iya takan rage murya har sai mun ji tafasar kalwa.

"Ya warware fatar," in ji ta, "sai ga muryar mijin, sak. Ko sannu bai ce ba. Ya shiga jero mata: ranar da kika hana uwata fura, ranar da kika juya mini baya ina zazzaɓi. Duk abin da ya haɗiye shekara talatin."

Matar ta toshe kunne, amma maganar ta riga ta shiga. Ta koma gida tana jin ta a cikin tulu, a turmi, a rumbu. Ta daina ci, ta daina magana, ta bushe. Wata rana aka wayi gari babu ita, babu baƙon, amma wani makiyayi ya gan shi a hanya, fatunsa sun zama biyu.

Mu ƙanƙame juna. Iya ta nuna ni da muciya ta ce, "Ke Kande mai idon mujiya, kin ji dai. Wanda ya tafi, ki bar shi da abin da ke cikinsa." Sannan ta ce, "Ta fita, ku mayar da ƙofa."

Sai da na girma na gane inda ta samo wannan baƙon. Tana budurwa Turawan mishan suka sauka a ƙauyen Maguzawa da ke kusa da su, ɗayansu yana yawo da littafi, ya nuna abu, a faɗa masa sunansa, ya karce. Iya ba ta tsoron allo, wannan maganar Allah ce, a wanke a sha. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a kama maganar ɗan Adam a ɗaure ta a takarda.

Malam ya yi aikin gwamnati a Kano, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Shanyewar jiki ta kwashe Turancin tas, ta bar masa Hausar ƙauyensu. Wata Talata da la'asar a asibiti ya dube ni ya ce, "Ke kika haɗa baki da 'yarki, kuka kawo ni in mutu cikin baƙi." Shekara arba'in da bakwai ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar na ɗaga. Na ce, "To sai ka tashi ka koma." Na ɗauki mayafina na fita. Laraba na ƙi zuwa, na ce wa Bilki gwiwata ce. Alhamis da hantsi aka kira mu, muka same shi ba baki. Bilki ta yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓansa suna motsi, Allah Ya sa ya cika da ita. Ni ko ido bai iya buɗewa ya gan ni ba.

Tsaya, Bilki. Bari in goge fuskata. To, ci gaba.

Ban san ko ya tafi yana riƙe da ni a zuciya ba. Da wannan na shiga takaba.

A mako na uku Bilki ta dawo daga aiki ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Mama, akwai wata nas, Milena, 'yar ƙasar Bulgariya. Ita ta kula da Baba ranar Laraba. Ta ce ya yini yana magana, babu mai jin Hausa a ɗakin da aka kwantar da shi, kuma ba a yarda a ɗauki muryar mara lafiya a waya ba. Sai ta rubuta."

"Ta rubuta me? Tana jin Hausa ne?"

"Ba ta ji. Sautin ta bi ta rubuta da haruffan ƙasarsu. Ta fara karanta mini a waya, na ji kalmar farko sunanki ne, na ce ta tsaya. Naki ne, Mama."

Shekara sittin ban tuna da Mai Fata ba, sai ga shi ya same ni a ƙasar Turawa.

Na ɓuya a bayan takaba. Milena ta bar aikin ta koma wajen 'yarta a Birmingham, ni kuma ba na fita sai na cika wata huɗu da kwana goma. Bilki ta ce a karanta mini ta waya, na ce maganar miji ba a jin ta ta waya. Gaskiyar ita ce na san abin da zai jero mini. Idan mai kawo wasiƙa ya turo takarda ta ramin ƙofa ta faɗo, gabana sai ya faɗi tare da ita. Idan hitar ɗumama ɗaki ta fara ƙas-ƙas ɗinta, tsinke nake ji a kan fata.

"Mama, please, takarda ce fa kawai."

"Ke likita ce, jiki kika sani. Ba ki san takarda ba."

Na fita takaba da mako biyu sai Milena ta aiko cewa za ta koma ƙasarsu ƙarshen wata. Ko in je, ko ta tafi da maganarsa har abada. Bilki ta sa ni a mota. Tun daga Manchester har unguwar Balsall Heath a Birmingham carbi ne a hannuna, ban san abin da nake ja ba.

Na zaci zan ga doguwa. Sai ga gajeriya mai jiki, da furfura, ta rungume ni tana warin albasa. Ta zaunar da mu a kicin. A kusurwa akwai hoto da ƙaramar fitila a gabansa, mutum biyu masu gemu suna riƙe da takarda. Don in ja lokaci na ce a tambaye ta su wane ne. Ta yi ta bayani, Bilki tana mayar mini da Hausa.

Wai wa da ƙani ne. Fiye da shekara dubu da suka wuce suka taso daga ƙasar Girka don su kai addinin Kirista ga dangin mutanenta, waɗanda harshensu ba shi da rubutu. Wasu manyan coci suka ce ba kowane harshe ya isa a yi addu'a da shi ba, su kuwa suka ce kowa ya roƙi Allah da harshen uwarsa. Suka zauna suna sauraron mutane, kowane sauti suka yi masa alama, ɗalibansu suka ƙarasa aikin bayansu. Har yau da wannan tsohon harshen ake addu'a a cocinsu, kuma duk shekara yaran makaranta kan fita da furanni saboda haruffan.

"Ta ce, Mama, tun asali don kama sautin baki aka yi su. Shi ya sa da ta ji Baba, hannunta ya tafi kansu."

Ni abin da kunnena ya ɗauka shi ne baƙi biyu, suna zaune suna sauraro suna karcewa. Na dubi ƙofa.

Milena ta ɗauko takardar. Bayan takardar zaɓen abincin asibiti ce, an ninke ta huɗu. Ta sa tabarau ta dube ni.

"Ta ce kin shirya?"

"Ban shirya ba. Ta karanta."

Muryar tata ce, hawa da saukar duk a karkace, amma maganar tasa ce.

"Kande. Kande ta zo?"

Ta bi layi da yatsa.

"A ba ni ruwa. Hadari ya taso, a shigar da gero. Kande ta zo?"

Sau huɗu ya tambaya. Na riƙe bakin tebur ina jiran a fara jero mini. Milena ta tsaya, ta ce wa Bilki wannan na ƙarshen ya yi ta maimaita shi yana riƙe da wuyan hannunta, har ta ja masa layi a ƙasa.

"Na ɓata mata rai. Bakina ne. Ku ce ta yafe mini. Ina tsoron in tafi ba ta yafe ba."

Shi ke nan, takardar ta ƙare.

Ashe yinin Laraba cur yana kwance cikin tsoro, ni ina Moss Side ina shafa man zafi a gwiwar da ba ta ciwo. Sannan na ƙara barin roƙonsa a ninke sama da wata huɗu.

Na buɗe baki a kicin ɗin matar nan na ce, "Malam, na yafe, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini." Milena ta tambaya, Bilki ta faɗa mata cikin kuka. Sai ta ɗauki biro, ta ce in maimaita a hankali. Na daɗe ina kallon hannunta. Na maimaita. Ta rubuta a ƙarƙashin nasa, ta ninke, ta sa mini a tafin hannu.

Iya ba ta yi ƙarya ba. Mamaci yana magana daga takarda, kuma maganar tana bin mutum gida, ina jin "Kande ta zo?" ko ina alwala. Abin da ba ta gaya mana ba shi ne wani lokaci wanda ya tafi ba ƙara yake kawowa ba, roƙo ne, kuma yana jiran amsa. Addinin mutanen nan biyu ba nawa ba ne, ban san fuskar harafinsu ko ɗaya ba, amma ba don zaman da suka yi suna sauraro ba, da na mutu ina tsoron mutumin da shi ma tsorona ya tafi da shi.

Sai dai ni na ji nasa roƙon. Nawa, babu wanda zai karanta masa. Duk wanda wannan ya isa hannunsa, ya taya ni roƙon Allah Ya isar masa.