Itacen Wuyan Kare

A tashar motar da ke gindin dutse, wani tsoho na zaune kan buhun cuku, sanye da rigar fatar tumaki duk da zafin rana. Wani direba na kiransa Baba Nechifor, iyakar abin da na sani ke nan. Rabin kunnensa na hagu babu, tabon ma ya tsufa. A cinyarsa akwai guntun itace mai sarƙa, irin wanda doka ta sa makiyayanmu su rataya wa kare a wuya, ya riƙa bugun ƙafafunsa don kada ya kori namun daji. Itacen duk shatin haƙora ne, kare kuwa ban gan shi ba.

Kusa da shi saurayi da budurwa daga Bukares, babban birnin ƙasarmu, da jakunkunan hawan dutse, suna kallon waya suna dariya. Budurwar ta miƙa masa wayar.

"Baba, dubi wata beyar da muka ba burodi a bakin titi. Har da 'ya'yanta."

Ya daɗe yana kallon hoton ƙatuwar dabbar dajin mai gashi da manyan farata, yatsansa na shafa itacen.

"Na san ta, 'yata. Tun da kuka koya mata burodi ta daina tsoron mutum. Shekaranjiya ta shigo garkena."

"To, ba ka da kare ne?"

"Ya tare ta. Da zai kauce, itacen nan ya harɗe shi, ta kashe shi."

Ina jin da hannunsa ya ɗaura wa karen shi. Mota ta iso, matasan na rige-rigen kujerar taga, shi kuwa yana ta naɗe sarƙar a wuyan hannunsa har yatsun suka yi fari.