Alƙiblar Baba Karto

Madina zuwa Jidda

Tun kafin kiran sallar asuba na fito da jakata daga gidanmu da ke unguwar Jurf. Ummu Hamza, mai ɗakina, ta biyo ni har ƙofa da kwalin dabinon ajwa tana cewa, "Wallahi Abu Hamza, ban taɓa jin wanda ya bar Madina ya tafi Surinam ba. Wai a ina ma take?" Ɗanmu Hamza ya ba ta amsa da Larabci, kamar yadda ya saba, cewa tana Kudancin Amurka, a saman Brazil. Ta ce, "Tayyib, Allah ya kiyaye hanya," amma fuskarta ba ta saki ba.

Ni direba ne, aikina kai baƙi wuraren ziyara a Madina. Ta haka na san Yusuf, ɗan Surinam, wanda aka kwaso kakanninsa daga tsibirin Jawa na Indonisiya domin aikin gonakin rake. Sau biyu ya zo Umra, duk a motata ya yi yawo, har muka zama kamar wa da ƙane. Shi ya gayyace ni, kuma bai ɓoye mini dalili ba. Kakanninsu sun saba kallon yamma a salla, domin daga Jawa Makka a yamma take. Da suka sauka Surinam sai suka ci gaba da haka, alhali daga can Makka ta koma gabas. Yusuf da sa'o'insa sun juya, mahaifinsa Baba Karto ya ƙi. Shekaru ke nan uba da ɗa ba su tsaya sahu ɗaya ba, ga tsohon ƙarfinsa na raguwa.

"Kai mutumin Madina ne, wataƙila ya saurare ka," in ji Yusuf a waya.

Na ce, "Ni fa ba malami ba ne."

Ya ce, "Ka zo dai."

Jirgin ƙasa ya sauke ni Jidda da hantsi. Daga nan sai jirgin sama zuwa Amsterdam, inda sanyi ya koya mini hankali, sannan wani jirgin ya ɗauke mu kusan awa tara a kan teku.

Paramaribo

Da muka fara sauka na leƙa taga, sai tasbihi ya kuɓuce mini. Kore ne iya ganin ido, koguna na ratsa shi. Ni da duk koren da na sani shi ne gonakin dabinon Awali a Madina, waɗanda ake zagaye su da katanga ana lallashinsu da ruwa, yau ga itatuwa ba wanda ya shuka, ba wanda ke ba su ruwa.

Jami'in kwastan ya buɗe kwalin dabinon, ya sansana, ya dube ni, ya rufe. Yusuf na jirana a waje. Na nufi ƙofar mota zan shiga, ashe ta direba na buɗe, domin su a hagun titi suke tuƙi. Duk tsawon hanyar zuwa birni ƙafata tana taka burkin da babu shi, Yusuf na ta dariya.

Paramaribo gari ne na gidajen katako farare masu baranda, a bakin wani kogi mai faɗin gaske. A titi ɗaya na ga babban masallaci, jikinsa kuma wurin ibadar Yahudawa, kowa na harkarsa. A kasuwa ga baƙar fata, ga Indiyawa, ga Jawawa, ga 'yan Sin, duk 'yan ƙasa ɗaya. Na sha wata miyar kaza da suke kira sawoto, da ƙwai da shinkafa a ciki, na ƙara kwano na biyu ba kunya. Ranar Lahadi da sassafe Yusuf ya kai ni wani fili inda manyan mutane, har da masu furfura, suka zo da ƙananan tsuntsaye a keji ana gasar kuka. Wani ƙato ya tsuguna yana lallashin nasa tsuntsun kamar jariri. Na yi niyyar in yi dariya, amma da tsuntsun ya buɗe baki sai na tsaya ina saurare.

A kan kogi

Kafin mu je ƙauyensu, Yusuf ya ce sai na ga daji. Muka yi tafiyar 'yan awanni a mota har inda titi ya ƙare, muka shiga wani dogon kwale-kwale mai inji. Matuƙin yana ratsa duwatsu da ruwa mai gudu kamar yadda nake ratsa cunkoson Harami lokacin azumi. Na riƙe gefen jirgin da hannu biyu, ya dube ni ya faɗi wani abu, Yusuf ya fassara: "Wai ka sassauta, kar ka karya masa katako."

Mutanen ƙauyukan kogin jikokin 'yan Afirka ne da suka tsere daga bauta suka kafa garuruwansu a daji. Na ga mata na daka a turmi, wasu da tulin kwanuka a ka, an shanya wainar rogo a kan rufin ɗaki. Sai na tuna kakata, wadda ta taho daga Kano a ƙafa har Hijaz, ba ta kuma daina daka a tsakar gida ba har ta rasu. Raina ya sosu ƙwarai. Da asuba birai suka ɗauki wani ruri a cikin daji, na zabura ina salati, na zaci zaki ne.

Ƙauyen su Yusuf

Mun tsallaka wata doguwar gada, muka bi tsakanin tsofaffin gonaki da magudanan ruwa, muka isa da azahar ana yayyafi. Baba Karto ɗan tsamurmurin tsoho ne da baƙar hula. Na gaishe shi da ɗan yaren Indonisiya da na tsinta a bakin alhazai, wanda rabinsa "ku shiga mota" ne da "a yi sauri". Ya yi dariya har da tari. Na miƙa masa dabinon, ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a goshi. Aka kawo mana soyayyen rogo da busasshen kifi da yaji.

Kwana biyu ban tayar da maganar ba. In lokacin salla ya yi, sai tsohon ya shiga ɗan masallacin katako da ke bayan gida shi kaɗai, mu kuma mu shimfiɗa darduma a baranda. Sai na lura yana jinkirta tasa sallar har mu idar, don kada a ga ya juya wa baƙo baya. Abin ya dame ni.

A rana ta uku shi da kansa ya kira ni cikin masallacin, Yusuf na fassara. Ya dafa bangon yamma ya ce, "Ɗana, na san abin da ya kawo ka. Yusuf ya sha nuna mini taswira, ya nuna mini waya. Ni ba wawa ba ne, na san inda Makka take. Amma mahaifina ne ya kafa wannan bango da hannunsa, bayan ya dawo daga saran rake. In na juya, na ce ke nan duk sallarsa ta tafi a banza. Bakina ba zai iya ba."

Yusuf ya fassara. Shi ma ranar ya fara jin wannan.

Ba ni da ilimi, sai abin da nake maimaita wa baƙi kullum a mota. Na ce, "Baba, kusa da unguwarmu akwai masallacin da ake kira Ƙiblataini, mai alƙibla biyu. Musulmin farko sun daɗe suna kallon Ƙudus. Suna cikin salla umarni ya zo, suka juya zuwa Ka'aba a tsaye, ba su sake ta ba. Su ma sun yi irin tambayarka, suka ce yaya 'yan'uwanmu da suka rasu kafin a juya? Aka sanar da su cewa Allah ba ya tozarta sallar waɗannan. Mahaifinka ya yi iya saninsa, Baba. Wanda ya yi wa sallar ya gani."

Ni na kai Yusuf masallacin Ƙiblataini da motata, ya ɗauki hotuna kala-kala, amma bai taɓa kawo wa ransa labarin gidansu ba ne. Tsohon ya sauke hannunsa daga bangon. Ya fita ya bar mu a tsaye, na ce a raina shi ke nan, na ɓata.

Da la'asar muna shimfiɗa darduma sai ya leƙo ya ce mu shigo ciki. Ya shafa bangon nan, ya daɗe hannunsa na kai. Sannan ya juya masa baya, ya tura ɗansa gaba, ya tsaya kusa da ni kafaɗa da kafaɗa. Da ƙyar Yusuf ya iya yin kabbara. Da muka sallame tsohon ya ce kada kowa ya taɓa bangon ko bayan ransa, Yusuf ya yi alkawari.

Komawa gida

Ranar tafiyata Baba Karto ya rako ni har mota da kwalbar yaji da ayaba nono guda, wadda na san ba za ta wuce filin jirgi ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "In ka isa, ka je masallacin nan mai alƙibla biyu ka yi wa mahaifina addu'a. Sunansa Wiryo. Ka maimaita in ji." Na maimaita, ya gyara mini, na sake.

Na bi hanyar da na zo, Amsterdam, Jidda, jirgin ƙasa. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yusuf da mutanen gidansu da suka riƙe ni kamar nasu. Hamza ya tarye ni a tasha ya ɗauki jaka, ya kama hanyar Jurf. Na ce masa ya karkata zuwa Ƙiblataini tukuna.

Ya ce da Larabci, "Yanzu, Baba? Ummi fa ta gama abinci."

Na ce, "Ta ɗan jira. Akwai wani mai saran rake da nake ɗauke da sunansa, ina tsoron kar in manta yadda ake faɗinsa."