Malam Isiyaku Fenta da Gwangwanayensa

Ina tsakiyar darasin lissafi ranar Talata da hantsi sai ga Garba, ƙanen abokina Malam Isiyaku, a kan keke. Ya tsaya bakin taga ya yi sallama, ya ce Allah ya yi wa Malam Isiyaku rasuwa bayan sallar asuba, za a yi jana'iza kafin azahar. Na ajiye alli, na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san ciwon ƙirji ya daɗe yana cin sa, amma ko a makon jiya na same shi zaune yana yankan kwali, yana cewa da sauran aiki.

Shekara shida muka yi muna koyarwa tare a firamare a Kura, ni lissafi, shi zane da aikin hannu. Da ruwan madatsar Tiga ya wadaci gonaki, noman rani ya kankama, shaguna suka yawaita, sai ya ajiye koyarwa ya kama rubutun allon shago da zanen bayan manyan motoci. Daga nan sunan Fenta ya bi shi. Mutum ne da ba ya rubuta abin da bai yarda da shi ba. Wani mai maganin gargajiya ya taɓa neman ya rubuta masa cewa ƙullinsa yana warkar da kowace cuta. Malam ya ba shi haƙuri, ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ce mini, "Fenti yana rufe tsatsa, amma ba ya kashe ta."

Abin da za a fi tuna shi da shi kuwa ba aikin haya ba ne. Yakan yanke siffar abu a jikin kwali da reza, ya ɗora a kan takardar buhun siminti, ya bi da soso da fenti mai ƙyalli. Haka zai buga hoto guda sau talatin ko arba'in, ya liƙa a bango da sitaci. Abubuwan da idonmu ya rufe a kansu su yake bugawa: rediyo mai kaset, agogon hannu, babur. Ni kaina ban tsira ba. Shekarar da na sayi wata ƙatuwar rediyo alhali rufin ɗakina yana yoyo, sai na wayi gari na ga rediyo shida, ja da ɗorawa da shuɗi, a katangar da ke kallon gidana, da rubutu a ƙasa: "Tana waƙa, ɗaki na kuka." Na yi fushi kwana biyu. A na uku ya zo da tsani da guduma muka gyara rufin tare.

Wani rani tumatir ya yi yawa har ya rasa mai saye. Kwanduna suka jeru a bakin titin Kadawa suna ruɓewa, manoma suna kallo. A daidai lokacin kuma mutane suna bin dogon layi don samun tumatirin gwangwani da ake kawowa daga waje, saboda an ɗauka shi ne miyar masu hali. Wannan ya tsaya wa Malam Isiyaku a rai. Ranar kasuwar Bunkure aka tarar da hotunan gwangwanayen tumatir jere reras a bangaye, kowane da launinsa, kyawawa kamar tallar kamfani. Sai ka matso za ka karanta: "Noma a Kadawa, miya daga Turai." Masu karatu suna karanta wa marasa karatu, wasu na dariya, wasu na sunkuyar da kai.

Alhaji Tanko bai yi dariya ba. Shi ne babban dilan kayan gwangwani a yankin, shi ne kuma mai shagon da Malam yake aiki a ciki, ga shi an liƙa guda huɗu a bangon sitonsa. Ya kai ƙara wurin dagaci cewa ana ɓata masa kasuwa, ya ƙara da cewa zanen hotuna ba aikin Musulmi ba ne. Na raka Malam zaman. A hanya na roƙe shi ya ba da haƙuri ya ciccire takardun, domin yana da iyali, kuma yawancin aikinsa daga hannun Alhaji da abokansa yake fitowa. Ya ce ya ji.

Da aka ba shi dama ya gaida dagaci, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zana mai rai ba. Gwangwani ba shi da rai, mu ne muka ɗaukaka shi sama da gumin manominmu. Bangon Alhaji kuwa na taɓa ba da izininsa ba, wannan laifina ne, zan wanke da hannuna. Sauran suna nan."

Haka aka yanke. Ya wanke bangon tas, har ya sake masa farar ƙasa. Alhaji ya karɓe shagonsa, 'yan kasuwa da yawa suka janye aikinsu. Malam ya kwashe kayansa ya koma gindin wata darbejiya a bakin tasha, ya yi shekara biyu a nan, rana da iska. Ban taɓa jin ya zagi Alhaji ba, bai kuma daina bugawa ba. Direbobi suka riƙe shi, manoma suka riƙa kawo masa kwandon tumatir da albasa kyauta. Ba zan ce hotunansa sun hana kowa sayen gwangwani ba. Amma na san gidajen da suka koma shanya tumatir suna yin kauɗa ba tare da jin kunya ba, nawa yana ciki.

Mun kai shi makwancinsa, jama'a har daga Madobi da Bunkure. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba mai ɗakinsa Ladidi da 'ya'yansa biyar haƙurin wannan rashi, ya zama gatansu, ya raya su a kan gaskiyar mahaifinsu. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.