Mainasara Mai Yasar Rijiya da Baƙin Sama

A Sandamu, duk rijiyar da ta ƙafe ko ta cinye guga, Mainasara ake kira. Mutum ne gajere mai taurin kai. Ba ya shiga rijiya sai ya zura fitila da igiya. In ta mutu, ko hakimi ne ya aiko, sai dai a yi haƙuri. Yakan ce inda fitila ta mutu, sama ta yanke hulɗa da wurin.

Wannan magana tasa ce ta dawo ta ci shi. Ɗansa Sada ya bi ta Agadas zuwa Libiya, daga can za su Turai jirgin ruwansu ya nutse a Bahar Rum. Ba gawa, ba kabari. Mainasara ya yi tawakkali a gaban jama'a, amma ni maƙwabcinsa na san abin da ke cinsa: yaron na kwance cikin duhun da yake ganin ba abin da ke kaiwa can.

'Yarsa Siddiƙa ta karanci kimiyya. Aikinta a kan wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, muyon, masu zubowa daga sararin sama suna ratsa komai. Takan kwaikwayi saukarsu a kwamfuta, ta gwada da abin da na'urorin ƙarƙashin teku suka ƙirga. Da ta zo hutun Sallah ta yi masa bayani, ya ce, "Boko dai ba ya rasa tatsuniya."

Ba ta yi musu ba. Ta rufe wata 'yar na'ura cikin roba, ta haɗa mata waya, ta miƙa masa igiyarsa. Shi da kansa ya zura ta cikin rijiyar unguwarmu, yadda yake zura fitila. Ƙaramar sifika a hannun Siddiƙa tana ƙyas, ƙyas, duk sanda ƙwaya ta ratsa na'urar. Robar ta nutse, ƙarar ta ragu. Muka saurara. Ba ta tsaya ba.

"Har ƙasan tekun nan?" ya tambaya.

"Har can, Baba. Kaɗan ne ke kaiwa, amma dare da rana suna sauka."

Ya daɗe riƙe da igiyar, hawaye na bin gemunsa.

"Allahu Akbar," ya ce. "Ashe ana leƙa shi."

Na miƙa hannu zan taya shi jawo robar, ya ture ni.

"Bar ta tukuna. Ina ji."