Haƙorana a Jikin Masara

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ranar da haƙorana suka maƙale a masara gaban surukina ba za ta fita daga kaina ba.

Ni ɗan Zango ne, a Kumasi aka haife ni, kuma da zaƙi aka raine ni. Koko sai ya sha sukari, shayi sai da madarar gwangwani, ga alewa kullum a aljihu. Kafin in kai talatin haƙorana biyu na gaba sun ruɓe. Likita ya cire su, ya yi mini na roba, irin waɗanda ake sawa a cire. Ban gaya wa kowa ba, har yarinyar da nake nema. Wa zai yi tallan giɓinsa?

Mahaifinta manomi ne a wani ƙauye can arewa. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai gani da idonsa ba, sai ya hau mota ya zo, aka sauke shi a gidan kawuna. Na sha wanka, na fesa turare, na je na durƙusa. Tsohon ya haura sittin, amma da ya yi murmushi sai na ga haƙora reras, farare tas. Shi asuwaki kaɗai ya sani.

Ya zo da tsarabar masarar gonarsa, an gasa, ya miƙo mini ɗaya. Na ce, "Baba, na ƙoshi, na gode." Mu dai ba ma cin abinci a gaban suruki. Ya ce, "Ɗana, a wurinmu wanda bai ci na gonarka ba, ba ka ba shi na ɗakinka." Kawuna ya harare ni. To, yaya zan yi? Masarar nan ta bushe kamar tsakuwa. Na yi bisimilla na gatsa. Da na janye hannu sai na ji iska tana shiga bakina. Na duba, ga haƙorana biyu a tsaye a jikin masara.

Wayyo Allah! Na so ƙasa ta tsage in shige. Kawuna ya juya yana tarin ƙarya don kada dariya ta ƙwace masa. Na rufe baki da hannu, raina yana cewa shi ke nan, an fasa. Wa zai ba mai haƙorin aro 'ya?

Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓi masarar, ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, a ina ake yin wannan?" Na ɗauka ba'a ce. Sai ya ba ni labarin matarsa, uwar yarinyar. Haƙoranta sun yi shekaru suna ciwo, babu likitan haƙori ko kusa da su, sai wani mai cirewa da filaya ranar kasuwa. Huɗu ya cire mata a gaba. Tun daga nan ba ta dariya sai da gefen mayafi a baki, har ta rantse ba za ta zo bikin 'yarta a birni a kalle ta ba. Ya ce, "Wallahi ban san ana mayarwa ba."

Sai kunyata ta dawo sabuwa. Abin da nake ɓoyewa kamar kayan sata, wata baiwar Allah tana can ba ta ma san akwai shi a duniya ba.

A zaman nan ya ba ni 'yarsa. Kafin biki uwar ta zo Kumasi, ni na sa ta a tirotiro, motar haya, na kai ta wurin likitana, aka yi mata nata. A hoton aurenmu duk ta fi mu buɗe baki. Har yau idan matata ta gasa masara sai ta ce, "Maigida, a ɓare maka ne, ko za ka sake gwadawa?"

Tun ranar na daina rufe ciwona don kunya. Ba ka san wanda maganinsa yake cikin bakinka ba.