Jirgin Sakkwato da Tsohon da Na Binne

Mutumin da na binne da hannuna, shi ya nuna mini hanyar fita daji. Wallahi haka aka yi, wanda ya ga dama ya yarda.

Shekarun baya ne, da damina, 'yan bindiga suka ɗauke ni a gonata ta masara a Kuyello, suka kai ni can cikin dajin Kamuku, suka haɗa ni sarƙa ɗaya da wani tsoho, Baba Iro, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana shara a filin jirgin Kaduna. Kullum da hantsi wani jirgi kan ratsa ta samanmu. Baba Iro ya ce daga Sakkwato yake tasowa, kuma kafin mace ta gama tuƙa tuwo ya sauka Kaduna. Ya ce jirgi ba ya shan kwana irin na mota, don haka in Allah ya kwance ni, in bi inda hancinsa ya dosa, dole in faɗa titi.

Zazzaɓi ya kashe tsohon. Suka kwance ni in haƙa masa rami. Na rufe shi, mai tsarona ya zagaya bayan itace, na tsere.

Kwana biyu hadari ya rufe sama, ba rana, ban san gabas ba, ban san safe ko yamma ba, ina cin 'ya'yan kaɗanya, tafin ƙafata duk ya tsage, amma na rantse a raina ba a dajin nan za a bar gawata ba, ina da 'ya'ya huɗu a gida. Rana ta uku jirgi ya leƙo ta tsakanin gajimare. Na bi hancinsa da sauran ƙarfina.

A bakin wani rafi na tarar da shi zaune kan dutse. Baba Iro. Jar ƙasar da na zuba masa tana nan a gemunsa.

"Ɗana, ina za ka?" ya ce. "Wannan mai komawa Sakkwato ne. Ba shi baya."

Ashe jirgin yana komawa da la'asar, ni ban taɓa lura ba. Ina tsaye sai na jiyo ƙugin babura a gabana, kusa ƙwarai. Wurin 'yan bindigar nake komawa da ƙafata.

Na juya. Ban waiwaya ba, ko godiya ban yi masa ba, kuma wannan na damuna har yau. Washegari na faɗa titi, wani direban motar gawayi ya ɗauke ni.

Na tambayi malamai biyu, kowa ya ce in yi shiru in yi wa tsohon sadaka. Ina yi. Ku ma in tsoho yana magana, ku saurara har ya kai ƙarshe, kuma ku yi tambaya.

Yanzu ina gadin wani gida a Kaduna, kan hanyar filin jirgi. Ban taɓa shiga jirgi ba. In ya taso da la'asar, baya nake ba shi.