Ni Na Ce a Liƙe Wilin

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili, a kuma sakaya sunana. An ɗan kwana biyu, kuma na juya abin nan a raina har ban tabbata ba ko wasu ƙananan bayanai haka suka faru. Gundarin maganar dai ban manta ba.

A lokacin na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo ƙauyenmu a yankin Gezawa babu aiki. Shekarun nan ne da fetur ya gagari talaka, masu babura suka jingine su, aka kakkaɓo tsofaffin kekuna daga zaure. Ina zaune a gidan yayana, ina cin tuwon matarsa. Shi manomi ne, da rani kuma yana kai kayan miya birni a keke. Bai taɓa yi mini gori ba, amma ni kullum da kunya nake ci. A majalisa mai digiri ake kirana, rabi girmamawa rabi zolaya. Ko rediyo ta lalace ni ake tambaya.

Da hawan keke ya dawo, sai mazan ƙauyukanmu suka fara tsere bayan kaka, a hanyar ƙasa da ta ratsa gonaki zuwa ƙauyen gaba. A waccan shekarar wani bawan Allah ya sa buhunan taki ga wanda ya zo na ɗaya. Yayana ya fi kowa ƙarfin ƙafa, yana kuma da tsohon keken tsere, sai dai wilinsa na ƙarfe ne masu nauyi. Ni na ga wili biyu na kabon a shagon 'yan gwanjo a birni, baƙaƙe, ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai tauri marar nauyi, da yatsa biyu sai ka ɗaga ɗaya. Na karanta cewa don kwalta aka yi su. Na kuma karanta cewa wasu kan hau su a ƙasa su wanye lafiya. Sai na riƙe magana ta biyu, na sayar da wayata na karɓo su, don ni ma a ce na kawo wani abu gidan.

Muna da tsohon mai gyaran keke a gindin durumi kusa da masallaci, aminin marigayi mahaifinmu, Baba muke ce masa. Da aka kai masa ya ɗaura, ya ɗaga wilin, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya tambaya ko ƙwarya ce aka shafa wa baƙi. Ya ce shi ƙarfe ya sani: idan ya gaji sai ya lanƙwashe ya yi ƙorafi, a sa masa gwiwa a miƙar. Wannan fa, da wane baki zai ce ya gaji? Aka kwashe da dariya, wani ya ce Baba zamani ya wuce ka, a bari mai digiri ya yi bayani. Na ce bisa ga abin da na karanta, mai yiwuwa ne su jure, idan aka bi a hankali, ko da yake ba a rasa haɗari. Tsere ne fa, wa zai bi a hankali? Na san haka tun ina faɗa.

Ana jibi tsere yayana ya gwada hanyar, ya daki dutse. Ina wanke masa keken sai na ga tsaga siririya kamar gashi a bakin wilin gaba. Shi bai gani ba. Tsofaffin wilinsa na nan rataye a zaure, cikin ɗan lokaci za a mayar da su. Amma gari duk an zo an ga sababbin, matarsa ta gama faɗa wa maƙwabta irin ƙoƙarin da na yi, shi kansa ya dafa kafaɗata ya ce boko ya yi rana. Sai na ɓoye masa maganar tsagar.

Washegari da hantsi na kai wa Baba wilin ni kaɗai, na ce ya yi masa yadda ake wa jarka da bokiti, sufa-gulu da rairayi. Ya ƙi. Ya ce jarka ba a hawanta. Na nace, ya sake ƙi, ya ce in ɗauko na ƙarfen ya ɗaura kyauta. Sai na yi abin da ya fi komai damuna: na ce masa kabon ɗin ma asalinsa zare ne da gam, saboda haka gam ɗan'uwansa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ta shige shi. Ya dube ni, ya kira ni ɗana, ya tambaya ko na tabbata. Na ce ina kyautata zato. Ya ce to, ni na yi karatu. Ya liƙe, ya goge, ya shafa baƙin mai.

Ranar tseren, hanyar duk sawun amalanke ne na damina da ya bushe ya yi tauri. Ni ina can inda za a ƙare, ban ga faɗuwar ba. Waɗanda suka gani sun ce yayana ne a gaba, yana gangarawa busasshen rafi sai wilin ya tarwatse kamar tukunya, bai ko lanƙwashe ba. Ya faɗi a kan kafaɗa da fuska. An je wajen mai ɗori, an je asibiti. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, ba ya iya riƙe garma.

Da aka tsince gutsattsarin aka ga gam da rairayi, kuma kowa ya san aikin hannun wane ne. Aka taru a gindin durumi, ina cikinsu. Baba ya ce shi ya liƙe. Aka tambaye shi wa ya sa shi, ya ce aikin daga hannunsa ya fito, wannan ya isa. Sau ɗaya ya kalle ni. Abin da na iya cewa shi ne ya kamata a yi bincike kafin a yanke wa kowa hukunci, har wasu suka yaba da natsuwata.

Tun daga nan mutane ke tura kekunansu su wuce shi zuwa ƙauyen gaba, a shekarun da kowane gida da keke yake rayuwa. Garinmu gida jikin gida ne, babu hanyar kauce masa. Sahu ɗaya muke sallah, kuma shi ke fara gaishe ni, ya tambayi kafaɗar yayana. Ni nake noma gonar yanzu. An samo mini koyarwa a Bacirawa can birni na ƙi, don babu mai riƙe garma, jama'a na ta sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ana ƙara ɗaure ni.

Watan jiya na faɗa wa yayana. Ya ce kafaɗarsa ya bar wa Allah, amma sunan Baba ba a hannunsa yake ba, in je in faɗa a inda aka ɓata shi. Juma'a uku ke nan ina miƙewa bayan sallah don in faɗa wa jama'a, sai in koma in zauna. Shi ya sa na rubuto, don na san ana karanta mujallar nan a teburin mai shayinmu, kuma duk ɗan garinmu zai gane ni.

Ga masu tsere, wilin da aka yi don kwalta a bar shi a kwalta, kuma kabon da ya tsage ba ya gyaruwa da gam. Ga 'yan'uwana masu karatu kuwa, na koyi cewa "mai yiwuwa" a bakin wanda aka yarda da shi izini ne. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, in kana tsoro ka faɗi tsoronka da babbar murya.

Waɗanda suka halarta, in na kuskure a wani wuri ku aiko da gyara ta wannan shafi, zan karɓa. Amma kada kowa ya gyara wannan: Baba ya ƙi har sau biyu, ni na ce a liƙe. Ku mayar masa da kekunanku.